Dokar Baƙin Wata

Duk wanda bai taɓa ciwon ɓarin kai ba, da ya ji an ambace shi sai ya ce, "Ai ciwon kai ne, a sha magani a kwanta." Irin waɗannan mutane Sadiyatu ta daɗe da daina yi musu bayani. Ina amfanin ka gaya wa mutum akwai ranar da hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ma zai sa ka amai, ranar da ƙarar cokali a kan faranti za ta shiga ta idonka na hagu ta fita ta ƙeya? Kallonka zai yi, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da buga cokalinsa.

Tun tana aji uku na sakandare take fama da shi. Ta gama karatu da shi, ta kama aiki a wata ma'aikata da shi, ta yi aure da shi, amma ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya gane ba sai ranar da ta je awon cikinta na fari. A kan bencin jira ta ga wata mata ta ja gefen mayafi ta rufe ido ɗaya, ta karkatar da kai daga fitilar da ke sama. Sadiyatu ta matsa kusa da ita, ta yi ƙasa da murya.

"Hagu ko dama?"

Matar ta ɗaga mayafin kaɗan ta dube ta. "Dama."

"Nawa hagu."

Sai suka yi dariya a hankali, irin wadda ba ta girgiza kai. Khairiyya ke nan, malamar firamare a unguwar Gawon Nama a Sakkwato, mai 'ya'ya biyu da cikin na uku. Ita ce ta buɗe musu guruf a WhatsApp, ta sa masa suna Masu Ɓarin Kai. Kafin wata biyu sun kai su goma sha tara, duk masu ciki ko masu jego, yawancinsu ma'aikata da ke hutun haihuwa. Rubutu kaɗan ake yi a ciki, don hasken waya shi ma abokin gaba ne. Saƙon murya ake turawa. Mace za ta kwanta a ɗaki, labule a sake, waya a kife kusa da kunne, tana jin 'yan'uwanta suna magana ƙasa-ƙasa: wane magani likita ya yarda mai shayarwa ta sha, yadda ake naɗe ƙanƙara a tsumma, yadda za ki kori 'yan barka da turarensu ba tare da an ce ba ki da kunya ba. A nan ake kuka, a nan ake zagin mai injin markaɗen unguwa har kakanninsa.

Dokar kuwa Sadiyatu ce ta kafa ta, kuma ta yi alfahari da ita ƙwarai. Wata rana ciwon ya kayar da ita, ta faɗa a guruf, sai 'yan'uwa suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya suna mata sannu. Kira bakwai. Da ta farfaɗo ta ce musu sannun nan ta kusa kashe ta. Daga ranar aka tsayar: duk wadda abin ya kama, ta turo hoton baƙin wata, ɗan baƙin da'irar nan da ke cikin hotunan waya. Da an gan shi, babu mai kiranta, babu mai tura mata saƙo, babu mai zuwa gidanta, sai ta turo farin wata da kanta. Har mazajensu suka koya wa. A duniyar da kowa ke nuna ƙauna da hayaniya, su sun samo hanyar nuna ta da shiru, kuma sun ji daɗin abin ba kaɗan ba.

Khairiyya ta riga Sadiyatu haihuwa da kwana huɗu. Washegarin sunanta, da hantsi, ta turo baƙin wata. Ba wanda ya yi mamaki, don wace ce za ta kwana cikin hayaniyar suna ta tashi da kai lafiya? Ita ma Sadiyatu tata ta kama ta a ranar, ta turo nata baƙin watan, tana kwance a ɗakin Innarta a Ƙofar Atiku inda ta zo wanka. Wajen sha ɗaya da rabi wayar ta yi haske. Ta buɗe ido ɗaya ta ga saƙon murya ne daga Khairiyya, ba a guruf ba, ita kaɗai aka turo wa. Har ta ji haushi. Khairiyya da kanta, tana ganin baƙin watanta, ta karya doka? Ta kife wayar ta juya wa bango fuska.

Kafin la'asar Khairiyya ta fara jijjiga a kan gadonta. Kafin magariba ta rasu a asibiti. Aka ce hawan jini ne na bayan haihuwa. Aka ce kwana ya ƙare.

Sai bayan an kai ta Sadiyatu ta iya danna saƙon. Daƙiƙa ashirin da biyu ne.

"Sadiya, ki gahwarce ni, na san kanki na ciwo. Amma wanga ba irin namu na ba. Dut kan ya ɗauka, ba dama kaɗai ba. Wuta-wuta nika gani, ƙahwahuna sun kumbure, ga wani abu ya tokare ni ƙarƙashin haƙarƙari. Ko in hwaɗa ma Abban Safiya? Ke kin hi ni sanin abin ga. In kin ji ki kira ni."

Sau ɗaya ta saurara, kuma ba ta ƙara buƙatar dannawa ba. Muryar ta zauna mata. Inna na watsa mata ruwan zafi da ganyen dogon yaro, sai ta ji ta a cikin tururin. Tana shayar da ɗanta Siddiƙu, sai ta ji ta a tsakanin haɗiyarsa. Da ta koma salla, ta yi sallama ta juya dama, sai ta ji "In kin ji ki kira ni," a hankali, ba fushi, ba zargi, kamar Khairiyya na nan zaune a bencin awo tana jiran a kira lambarta. Da a ce muryar na zaginta ma da ta fi samun sauƙi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ba Inna ba, ba mijinta ba, balle guruf. A guruf an yi kuka kwana uku, an yi addu'a, Musulmi da Kirista kowa ta hanyarsa, sannan a hankali aka koma hirar ƙanƙara da tsumma. Baƙin wata ya ci gaba da fitowa, farin wata na biyo shi. Duk lokacin da ta ga baƙin sai ta yi ta duba wayar har farin ya fito. Sau nawa ta ɗauki wayar za ta ce musu a soke dokar nan, sai ta tuna za a tambaye ta dalili. Ta san dalilin, kuma ta san da ta faɗe shi, mata goma sha bakwai za su san wadda aka kira ba ta amsa ba. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, ta kuma san sunansa ke nan.

Haka ta kai kwana talatin da haihuwa.

A cikin guruf ɗin akwai Patience, malamar lissafi a wata sakandare, 'yar Zonkwa da aiki ya kawo su Sakkwato ita da mijinta Luka. A Unguwar Rogo suke haya. Ita ce mai ba su dariya. Ita ce ta taɓa cewa in ta je sama, tambayar farko da za ta yi ita ce wa ya ƙirƙiro janareto. Kwana shida ke nan da haihuwarta, mahaifiyarta ba ta iso ba tukuna, Luka kuma mai gyaran wuta ne, kullum yana wurin aiki. Ranar Talata da yamma ta turo musu saƙo tana dariya.

"'Yan'uwa, ku zo ku ga ikon Allah. Na haihu amma ƙiba na ƙaruwa. Silifas ɗina ya ƙi shiga, zoben aure ya ƙi fita. Luka ya ce ko na ƙi ko na so, aure ya kama ni."

Aka yi ta turo hotunan dariya. Sadiyatu ba ta turo ba.

Laraba da ƙarfe tara Patience ta turo baƙin wata.

Rana ce ta tsakiyar bazara, irin wadda tun hantsi bangon ɗaki ke ɗaukar zafi. Sadiyatu ta sha kununta, ta yi wa Siddiƙu wanka, ta duba waya. Ta kwantar da shi, ta duba waya. Ta ce wa kanta kowace mai jego ƙafarta na kumbura. Ta ce wa kanta Patience ta fi kowa yawan baƙin wata, sau biyu ma a mako. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. A gefen idonta na hagu wani ɗan kyalli ya fara rawa, alamar nata na tafe. Da sha ɗaya da rabi ta buga sai ta tuna daidai wannan lokacin ne saƙon Khairiyya ya shigo.

Ta kira Patience.

Wayar ta yi ta ringin har ta katse. Ta sake kira. Ta sake. A na huɗu ta zauna a bakin gado tana sauraren ringin ɗin, tana tunanin wata waya a kife a wani ɗaki, da wata mata da ta juya wa bango fuska. Ko kuwa matar da ba ta iya miƙa hannu.

Ba ta san gidan Patience ba, ba ta da lambar Luka. Wadda ta san gidan ita ce Hasana, ma'aikaciyar banki, layi biyu ne tsakaninta da Patience, kuma ta yi arba'in tuni, tana fita. Sai dai Hasana ce ta fi kowa riƙon dokar, don ita ciwon ya fi wahalarwa. Sadiyatu ta tura saƙo a guruf, tana ƙoƙarin kada muryarta ta yi rawa.

"Hasana, don Allah leƙa Patience. Na kira ba ta ɗauka ba."

Amsa ba ta jima ba. "Kira kinka yi? Sadiya, ke da kanki? Baƙin wata hwa tas sa."

"Na sani. Leƙawa kawai za ki yi."

"In je in buga mata ƙohwa? Kin manta ranad da ƙanwam mijina tab buga min, sai da niy yi amai har kan jinjiri? Ke kinka kahwa dokag ga, kuma ita ta abin kirki ɗaya da munka samu. Bar ta ta huta. Da la'asar za ki ga hwarin wata."

Wasu biyu suka turo suna goyon bayan Hasana. Wata ta ce cikin tausayi, tun rasuwar Khairiyya Sadiya ba ta dawo daidai ba, a yi mata uzuri. Gaskiya suka faɗa, duk cikinsu babu muguwa. Abin da ta koya musu suke yi, kuma sun iya shi.

Sadiyatu ta fita daga guruf ɗin ta gangara ƙasa, ƙasa, har inda sunan Khairiyya ya nutse a cikin jerin hirarraki. Ta buɗe. Saƙon na nan, na ƙarshe, babu amsa a ƙarƙashinsa. Ta ɗora yatsa a kansa ta riƙe. Da la'asar za ki ga farin wata. In haka ne fa? In Patience barci kawai take yi, ita kuma ta tona wa kanta asiri a banza, ta zama matar da ƙawarta ta kira tana mutuwa ta kife waya? A Sakkwato magana ba ta kwana a gida ɗaya. Kafin sati za ta kai Gawon Nama, ta kai ofishinsu, ta kai kunnen Baba a zaurensa. Ta dubi Siddiƙu, yana barci da hannu a dunƙule. Zuciyarta ta ce jira awa ɗaya. Wata zuciyar ta ce, waccan ma awa ɗaya-ɗaya aka yi ta jira.

Ta tura saƙon Khairiyya guruf. A ƙarƙashinsa ta yi magana, ba ta gyara murya ba wannan karon.

"Wagga muryak Khairiyya ta. Ni tat turo ma, ranad da tar rasu, sha ɗaya da rabi. Na gani ban buɗe ba, don na sa baƙin wata. Sai da anka kai ta nis saurara. Ku ji abin da tac ce kan ƙahwahunta, ku tuna abin da Patience tac ce jiya. Hasana, ki zage ni daga baya. Yanzu tahi."

Ta ga alamar ana saurare, ɗaya, uku, tara. A ɗakuna daban-daban na garin, a bayan labule, mata masu jego na kwance da waya a kunne, matar da suka yi wa addu'ar bakwai tana ce musu wuta-wuta take gani. Minti ɗaya ya wuce, biyu. Sai ga Hasana, numfashinta na fita da ƙarfi, ana jin ƙarar ƙofa a bayanta.

"Na hita. Bayan masallacin Juma'a na, gida mai koren get. In za ki taho, taho."

Inna na tsakar gida tana tankaɗe lokacin da Sadiyatu ta fito da hijabi, ta ɗora mata Siddiƙu a cinya.

"Ina za ki?"

"Unguwar Rogo. Na tatsa mai nono, yana cikin kwano."

"Ke! Kwana talatin? Da ɗanyen jiki? Wa kinka taɓa gani cikin gidan ga taf fita ba ta yi arba'in ba? Mi za ni ce ma babanki, mi za ni ce ma mijinki?"

"Ki ce musu wata ka mutuwa, Inna."

"In kwananta ya ƙare ke ka hana ta?"

Sadiyatu ta tsaya a bakin zaure. Maganar da aka yi ta faɗa ke nan a kan Khairiyya, ita ma ta faɗe ta, ta ɓuya a bayanta wata guda. "Ban sani ba, Inna," ta ce. "Amma in je in gani."

Rabonta da titi tun ranar da aka dawo da ita daga asibiti. Rana ta dake ta a ido kamar an watsa mata barkono. Ta tare keke mai ƙafa uku, wanda mutanen garin ke kira agwagwa da buje, ta shige ta rufe ido da tafin hannu. Kowane rami da tayar ta faɗa, a cikin kanta yake faɗawa. Ɗinkin jikinta na ja, mai keken na jin waƙa, ta rasa ƙarfin ce masa ya kashe. A bakin wata kwata ta sa ya tsaya ta yi amai, ta goge baki da hijabi ta ce mu je.

Kukan jariri ta fara ji tun daga get, kukan da ya daɗe har ya dishe. Hasana na tsaye a bakin wani ɗaki da goyonta a baya, ita da wata tsohuwa maƙwabciya, suna ta buga ƙofa.

"Ta sa sakata ta ciki," in ji Hasana. Idonta ya yi ja, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Wagga tsohuwa ta ce tun ɗazu taka jin kukan, amma Patience ta gargaɗe ta, in ta ruhe ƙohwa kak a buga."

"Haka ta koya mini," tsohuwar ta ce, tana murza hannu. "Ta ce dokarsu ce."

Mai keken suka roƙa ya sa kafaɗa. A bugu na uku sakatar ta fita.

Ɗakin duhu ne, an rataya bargo a taga. Patience na kwance a ƙasa tsakanin gado da kujera, fuskarta ta kumbura har idanun sun shige, ga jini a gefen bakinta inda ta ciji harshe. Wayarta na kan gado tana nuna kira huɗu. Sadiyatu ta durƙusa ta ɗago kanta.

"Patience. Patience, ni ce."

Idanun suka buɗe kaɗan, ba su tsaya a kan komai ba. "Wa ya buɗe ƙofa?" ta ce da ƙyar. "Na sa baƙin wata."

"Na gani. Tashi, asibiti za mu."

"Ba na ganin ki."

Su uku suka ɗauke ta. Tsohuwa ta rungumi jaririn. A hanya jijjigar ta sake kama ta a jikin Sadiyatu, ta sandare, ta yi ta karkarwa, Hasana na salati da ƙarfi, tsohuwa na kiran Yesu, mai keken na danna oda ba ƙaƙƙautawa. Sadiyatu ta riƙe ta a gefe ɗaya kada ta shaƙe, tana kallon abin da idonta bai gani ba wancan karon. Ashe haka aka yi. Ashe haka Khairiyya ta yi, a kan gadonta, a bayan ƙofar da aka ja mata don ta huta.

A asibiti aka karɓe ta da gudu. Malamar jinya ta ɗaura mata abin awon jini, ta dubi lambar, ta ƙwala wa likita kira. Aka rufe ƙofa. Tsohuwar ta kira Luka, ya iso da kayan aiki a jikinsa, wayar wuta na leƙowa daga aljihu, yana ta tambayar kowa abu ɗaya. Suka zauna a benci. Hasana ta shayar da 'yarta. Can ta miƙo wa Sadiyatu ruwan leda mai sanyi, Sadiyatu ta ɗora shi a idonta na hagu.

Bayan la'asar likita ta fito ta ce jinin ya fara sauka, ta farfaɗo, ta tambayi ɗanta. Za a riƙe ta kwanaki. Luka ya zauna a ƙasa a inda yake tsaye ya rufe fuska.

Sadiyatu ta fita bakin baranda inda inuwa ta sauko. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban hijabinta ya jiƙe, lokacin Siddiƙu ya wuce tuni. Ta ciro waya don ta kira Inna, sai wayar ta fara ruri a hannunta. Ta dubi sunan da ya fito, ta dafa bango.

Khairiyya.

Ta bar ta ta yi ringi uku. Wannan karon ba ta da inda za ta kife ta. Ta ɗauka.

"Salamu alaikum." Muryar namiji ce, a gajiye. "Sadiyatu ta?"

"Ni ce."

"Junaidu na, mijin Khairiyya. Abban Safiya."

Sai a lokacin ta tuna. Ba wadda ta iya cire lambar Khairiyya daga guruf, hannun kowa ya ƙi. Wayar kuma tana gidan, a hannun wani.

"Nakan sa mata caji," ya ce, kamar mai ba da haƙuri. "Ba ni buɗe saƙonninku, na mata na. Yau nig ga sun yi yawa. Na ji. Sau da yawa na ji." A bayansa ana jin jaririya na ƙananan kuka, wata na jijjiga ta. "Ita wadda kunka tahi dominta?"

"Ta farfaɗo."

"Alhamdu lillahi." Ya ja numfashi. "Sha ɗaya da rabi kinka ce?"

"E."

"Ina tsakar gida lokacin. Na ɗauki hutu ranan nan. Na hidda su Safiya waje kak su yi mata hayaniya, niz zamna bakin ƙohwatta ina kore 'yan barka. Taki huɗu na tsakaninmu. Ke tat tambaya ko ta hwaɗa min."

"Malam, ka gafarce ni. Da na buɗe..."

"Ba don haka nik kira ba." Bai ɗaga murya ba. "Tambaya ɗaya gare ni, kuma don Allah gaskiya nika so. Wata guda ban yi barci ba. Da kin buɗe lokacin, mi za ki ce mata?"

Amsa mai sauƙi na nan a bakinta: da na ce ta gaya maka, da na ce ku tafi asibiti. Ita ma abin da ta yi ta gaya wa kanta ke nan kwana ashirin da shida, cewa dannawa ɗaya ce ta raba Khairiyya da rai. Ta rufe ido ta koma waccan ranar, ta ga kanta a ɗakin Inna, matar da ta shekara goma sha biyar tana ciwon kai, wadda duk guruf ke tambaya don ta fi kowa sani, wadda ba ta taɓa jin cewa kumburin ƙafa da ciwon kai na da wata alaƙa ba. Ta saurari abin da waccan matar za ta faɗa, ta ji shi sarai.

"Da na ce mata gajiyar suna ce," ta ce, hawaye na gangaro mata. "Da na ce ta naɗe ƙanƙara a tsumma ta ɗora, ta kwanta, kada ta tayar maka da hankali."



"Ƙanƙara," ya ce. "Wajen sha biyu ta buɗe ƙohwa ta dube ni, kamar za ta yi magana. Ban bari ta wahala da magana ba. Nic ce mata na sani, koma ki kwanta. Nit tahi da gudu har bakin titi nis sawo mata."